Gado da Matar da Ba a Ɗaura Aure da Ita Ba

Akwai wata tambaya da ba a cika yin ta a fili ba sai ranar da aka dawo daga maƙabarta. Muddin maigida yana da rai, kowa a Kwaja ya san matar da take cikin gidansa, ya san sunayen 'ya'yanta, ya kuma ci tuwon da ta tuƙa. Amma da zarar an rufe kabari, baƙi sun watse daga zaman makoki, sai wani daga cikin dangi ya gyara murya ya ce, "To, ita wannan da wane aure take zaune a nan?" Daga wannan tambaya ake fara lissafin gona da rumbu da awaki da ɗakin kwano, sau da yawa kuma a nan ne lissafin matar yake ƙarewa.

Tambayar ba ta banza ba ce, ba kuma kowane mai yin ta ne mugu ba. Aure abu ne mai iyaka, yana da ƙofar shiga, jama'ar da ta daina bambanta shi da zaman kara-zube kuwa ta kama hanyar rushewa. Sai dai akwai tambaya ta biyu da take ɓoye a bayan ta farkon, ita ce kuma ta fi nauyi: in ma an tabbatar ba a ɗaura auren ba, shin wannan ya halatta wa dangi su kwashe abin da mutum biyu suka tara, su sallami ɗayan hannu wofi? Mutane da yawa sukan amsa tambaya ta farko, sa'an nan su tashi kamar sun amsa ta biyun.

Kalmar da aka saba jifan irin wannan zama da ita, wato dadiro, tana tara mutane iri-iri a kwando ɗaya. Akwai saurayin da ya kai rabin sadaki, iyayen yarinya suka ce ya ɗauki matarsa ya cika sauran bayan kaka, aka yi kaka goma sha biyar ba a cika ba. Akwai yarinyar da ta yi ciki, kawunnanta suka kai ta ƙofar gidan yaron da dare suka ce a gyara daga baya, daga bayan nan kuwa bai zo ba har yau. Akwai dattijon da matarsa ta rasu da gwauruwar da mijinta ya rasu, suka haɗa tukunya domin tsufa ba ya son kaɗaici, suka ji kunyar tsayawa gaban jama'a da furfura. A yawancin waɗannan gidaje dangi sun sani, sun yarda da baki ko da shiru, sun halarci sunan yara, sun aiko da nasu 'ya'yan hutu.

Shekara ta 2014 ta ƙara wani iri. A ranar 29 ga Oktoba na shekarar mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, a wannan rana kuma suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da take Kwarhi. Dubban mutane suka bi tsaunuka da ƙafa, waɗansu suka tsallaka Kamaru, waɗansu suka zagaya zuwa Yola. An ƙwato garin cikin watan Nuwamba, amma akwatunan da aka bari a baya ba duka aka tarar ba: takardun aure sun ƙone, littattafan rajistar majami'u da dama sun salwanta, dattawan da suka shaida biyan sadaki waɗansu sun mutu, waɗansu sun zauna can inda gudu ya kai su. Ta haka mace mai cikakken aure ta wayi gari ba ta da abin nunawa. Akwai kuma waɗanda mazajensu suka ɓace, ba gawa ba labari, bayan shekaru suka zauna da wani mutum domin yara su ci abinci. Dokar Shaida ta 2011 ta ba kotu dama ta ɗauka mutum ya mutu idan an yi shekara 7 waɗanda ya kamata su ji labarinsa ba su ji ba, amma mata nawa ne a kan tsaunukan kudancin Mubi suka san da wannan, balle su je kotu su nemi a rubuta musu?

Dokar Nijeriya ta san aure iri uku: na gargajiya, na Musulunci, da na rajista, wanda mutane suke kira auren kotu. Na ukun yana ƙarƙashin Dokar Aure da aka gada tun 1914. Ana ba da sanarwa a ofishin mai rajista, a liƙa ta kwana 21, a karɓi takardar izini, sa'an nan a ɗaura auren a ofishin ko a majami'ar da take da lasisi, gaban shaidu aƙalla 2. A nan akwai rami da Kirista da yawa suke faɗawa ba su sani ba. Idan fasto ya sa wa ango da amarya albarka ba tare da takardar mai rajista ba, aure ne a gaban ikilisiya, amma a gaban kotu albarka ce kawai, abin da zai tsaya musu shi ne auren gargajiyar da aka yi kafin nan, in an yi shi. Game da waɗanda ba su bi ko ɗaya daga cikin ukun ba, yawan shekaru ba ya mai da zama ya zama aure. Abin da sashe na 166 na Dokar Shaida ya tanada shi ne, in an nuna wa kotu mace da namiji sun zauna a matsayin mata da miji, za ta ɗauka akwai auren gargajiya ko na Musulunci a tsakaninsu har sai an kawo hujjar da ta rushe hakan. Wannan inuwa ce, amma siririya, gama waɗanda suka fi kowa iya rushe ta su ne dangin da suke neman gonar.

Ba a ƙasar nan kaɗai ake wannan kuka ba. A Ingila, inda mutane da yawa suke zaton daɗewar zama tana ba da hakkin aure, wata mata mai suna Valerie Burns ta zauna da wani mutum shekara 19, ta haifa masa 'ya'ya 2, ta ɗauki sunansa, amma da suka rabu kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1983 cewa ba ta da ko taku ɗaya a gidan, domin sunanta ba ya kan takarda. A ƙasashen Turai da Amurka lauyoyi sukan haɗa batun irin su da na masu zaman jinsi ɗaya, domin na dogon lokaci duka biyun suna bayan katangar dokar aure. Faransa ta kafa wata yarjejeniyar zaman tare a 1999 wadda take karɓar kowane iri, duk da haka wanda ya sa hannu a kanta ba ya gadon abokin zamansa sai da wasiyya. A Nijeriya dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 ta haramta auren jinsi ɗaya da hukuncin ɗaurin shekara 14, saboda haka ba wani gado da yake bin wannan hanya, koyarwar ikilisiyoyin ƙasar nan a kansa kuma sananniya ce. Abin da ya shafi Kwaja daga labarin waɗancan ƙasashe guda ne: inda doka ba ta san dangantakar mutum biyu ba, ranar da ɗaya ya mutu, takarda ce kaɗai take yi wa ɗayan magana.

Game da 'ya'ya kuwa, doka ta riga al'ada yin nisa. Sashe na 42, ƙaramin sashe na 2, na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani hakki saboda yanayin haihuwarsa kawai. Wani mutum mai suna Lazarus Ukeje ya rasu a Legas a 1981 bai bar wasiyya ba. Matarsa da ɗansa suka karɓi ikon kula da dukiyar, suka bar wata 'yarsa, Gladys, a waje. Ta kai ƙara, ta nuna takardar haihuwarta mai ɗauke da sunan mahaifinta, a Afrilu 2014 kuma Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Bode Rhodes-Vivour, ta ce 'yarsa ce, tana da rabo, al'adar da take hana 'ya mace gadon ubanta kuwa ta saɓa wa Tsarin Mulki. A wannan wata ne Mai Shari'a Clara Ogunbiyi, 'yar asalin Jihar Borno, ta karanta hukuncin shari'ar Anekwe da Nweke, inda kotu ta yi tir da al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. Hukunce-hukunce ne masu kyau. Sai dai mai karatu ya ƙirga daga 1981 zuwa 2014, ya tambayi kansa wace mai noman gyaɗa ce za ta iya jiran fiye da shekara 32 tana biyan lauya.

To, a bar kotu a dawo cikin gida, inda ake yanke yawancin waɗannan shari'u a kan tabarma, gaban babban wa da jauro da dattijon ikilisiya. Hujjar masu korar matar tana da ƙarfi, ya kamata a faɗe ta da ƙarfinta. Suna cewa in aka ba wadda ba a ɗaura aure da ita ba abin da ake ba matar aure, an gaya wa 'yan mata ke nan cewa sadaki da majami'a wahalar banza ce. Suna cewa gonar ta kakanni ce, ba ta fita daga zuriya, matar kuwa gobe tana iya tafiya gidan wani da ita. Suna cewa ta san abin da take ciki tun farko, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Magana ta biyu gaskiya ce, ba kuwa mai hankalin da zai musa ta: gonar gado ta zuriya ce, mamacin kansa riƙo aka ba shi. Amma a duba abin da akan kwashe a zahiri. Awakin da ta fara da akuya ɗaya da uwarta ta ba ta. Buhunan wake da gyaɗa daga gayaunar da ta nome da hannunta. Kwanon rufin da aka saya da kuɗin adashinta, injin markaɗen da ta biya rabinsa, filin da suka saya a gefen Mubi da ribar ƙosai da kuɗin shanunsa a haɗe. Waɗannan ba gado ba ne ko kaɗan, gama gado shi ne abin da mamaci ya bari nasa. Abin da mai rai ya samu da guminsa nasa ne, ko an ɗaura masa aure ko ba a ɗaura ba. Wanda ya ɗauki akuyar maƙwabciyarsa don ya ji ba ta da takardar aure, kowa ya san sunan abin da ya yi. Sunan ba ya canzawa don maƙwabciyar ta kwana a ɗakin ƙaninsa. Babbar dabarar da ake yi a zaman rabon gado ita ce a zuba kayanta cikin nasa tukuna, sa'an nan a ce ba ta cikin magada.

Kotu ma ba ta cika ceton mace a wannan wuri ba sai da hujja. A shari'ar Amadi da Nwosu ta 1992, wata mata ta ce da ita aka gina gidan da mijinta ya sayar, Kotun Ƙoli ta ce ba ta nuna yawan abin da ta zuba ba, ta rasa. Matar aure ce wannan. Ina ga wadda ba a ɗaura ba, wadda rasiɗin kowane buhun siminti yake ɗauke da sunan namiji domin shi ya je kasuwa?

Magana ta uku, cewa ta san abin da take ciki, ita ce ta fi rauni, ko da yake ita aka fi maimaitawa. Mutum biyu ne suka yi zaman. Wanda ya kamata ya cika sadaki shi ne wanda yake kwance a kabari, aka kuma yi masa jana'iza da waƙa da wa'azi da yabo. Dangin da suka ga zaman shekara da shekaru, suka ci girkinta, suka bar ta ta yi jinyar uwarsu har ta rufe mata ido, suka kira ta "matarmu" ranar aikin gayya, ba su da bakin da za su kira ta baƙuwa ranar rabo. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In zaman laifi ne, lokacin tsawatawa shi ne sa'ad da mai laifin yake da kunnen ji da hannun gyarawa. Kishin tsarkin aure da ya yi barci shekara ashirin, ya farka daidai ranar da ake ƙirga buhuna, ya cancanci a tambaye shi daga ina ya fito. Littafin Farawa sura 38 ya ba da labarin Yahuza, wanda ya yi saurin yanke wa surukarsa Tamar hukuncin ƙonewa, sai aka nuna masa hatiminsa da sandansa, ya gane hannunsa yana cikin laifin, tushen abin kuma hakkinta ne da ya danne.

Saura magana ta farko, wato tsoron kada a rage darajar aure. Littafi Mai Tsarki bai taɓa kiran abin da ba aure ba da sunan aure. A bakin rijiyar Samariya Yesu ya gaya wa matar nan a fili cewa mutumin da take tare da shi ba mijinta ba ne. Amma Littafin bai mai da wannan gaskiya lasisin ƙwace ba. Yefta ɗan karuwa ne, 'yan'uwansa 'ya'yan matar aure suka kore shi don kada ya ci gado tare da su, Littafin Mahukunta sura 11 kuwa ya nuna dattawan Gileyad suna tafiya roƙonsa ya dawo ya cece su, shi kuma yana tuna musu da korar. Maimaitawar Shari'a sura 21 ta hana uba ya ɗauke rabon ɗan fari don ba ya ƙaunar uwarsa. Ana iya riƙe abu biyu a hannu ɗaya: a ce wa matasa wannan zama ba daidai ba ne, a kuma ce wa dangi wannan akuya ba taku ba ce. Yarinyar da ta ga an jefa kayan wata a waje da yara uku ba darajar aure take koya ba. Abin da take koya shi ne, a wannan jama'a mai ƙarfi ne yake cin gado, za ta kuma tuna da shi ranar da nata mijin na aure ya mutu.

Akwai inda maganar take da wuya da gaske, ba kuwa daidai ba ne a tsallake shi. A ɗauka mutum ya yi auren rajista da uwargida, ma'aikaciya a Mubi ko Yola, sa'an nan ya ajiye wata a gona a ƙauye, ta haifa masa yara. Dokar Aure ta ce wanda yake da auren rajista ya kuma ƙulla na gargajiya da wata ya yi laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5, saboda haka ko ya biya sadakin ta biyun, ba matarsa ba ce a gaban kotu. A nan akwai wadda aka zalunta tun farko, ita ce uwargida, wadda aka yi wa alkawari gaban Allah da shaidu aka karya. A ce mata ta raba rabon matar aure da wadda aka ci amanarta da ita, an ɗora mata zalunci na biyu ke nan. Rabon mata nata ne ita kaɗai. Duk da haka yaran ƙauyen 'ya'yan mamaci ne kamar nata, abin da uwarsu ta noma nata ne, yaro ɗan shekara biyar kuma ba ya cin rabonsa sai ta hannun wadda take dafa masa, a ƙarƙashin wani rufi. Iyakar abin da adalci zai iya nema a nan shi ne a bar uwar yaran a ɗakin da take har su girma, a matsayin mai riƙon rabonsu. Ba wanda zai tashi daga irin wannan zama yana murna. Mutumin da ya haɗa wannan wuta ya tafi ya bar mata biyu suna ƙonewa a cikinta, ya kamata kuma mai wa'azin jana'iza ya san haka kafin ya zaɓi kalmominsa.

Wannan ya kawo magana kan mai rai. Maƙwabta Musulmi suna da rabo ƙayyadadde: matar aure tana da ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu, wasiyya kuma ba ta wuce sulusin dukiya. Kirista ba shi da irin wannan ma'auni a rubuce cikin Sabon Alkawari. An bar masa 'yanci mai faɗi, wanda ya ƙi amfani da shi kuwa ya miƙa iyalinsa ga al'ada da halin 'yan'uwansa, ko wane iri ne. Hanya mafi tsabta ita ce a gama auren: a cika sadaki ko a roƙi iyayen mace su yafe saura gaban shaidu, a je wurin mai rajista, a zo majami'a. Inda wannan bai yiwu ba, ko kafin ya yiwu, Ibrahim ya bar misali a Farawa sura 25: ya ba Ishaku gādonsa, amma 'ya'yan ƙwaraƙwaransa ya ba su kyautai tun yana da rai, bai bar wa Ishaku aikin yin adalci ga waɗanda suke kishiyoyinsa ba. Kyautar da aka bayar da rai, aka rubuta, jauro da shaidu suka sa hannu, aka kuma miƙa abin a hannun mai shi, ta fita daga cikin gado.

Mutane da yawa suna gudun rubuta wasiyya, wai kiran mutuwa ne. Annabi Ishaya ya je wurin Sarki Hezekiya ya ce masa ya kintsa gidansa gama zai mutu, sarkin kuwa ya ƙara shekara 15 a duniya. Ba a fafe gora ranar tafiya, waɗanda suka gudu daga Mubi da rigar jikinsu kaɗai sun fi kowa sanin cewa tafiya ba ta yin sallama.

Ikilisiya ma tana da nata kaso a wannan matsala. Inda biki ya zama sai mai rigar amarya da abincin ɗaruruwan mutane da motoci a jere, talaka zai ɗage shi har abada, ya zauna da matarsa a hakan. Inda horo yake sauka a kan mace domin cikinta ne ake gani, a hana ta Jibin Ubangiji shekaru, namijin kuwa yana zuwa yana komawa ba mai tambayarsa, an riga an koya wa dangi wanda za su ɗora wa laifi. Fasto da dattawa suna iya ɗaura aure a sujadar safiyar Lahadi cikin minti ashirin, ba ganga ba shinkafa, su kuma raka ma'auratan ofishin rajista. Suna iya sake rubuta littattafan da suka ƙone tun shaidu suna da rai. Gaskiya ne da wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, a Luka sura 12, ya ƙi zama alƙalinsu, amma nan take ya juya ya yi wa taron gargaɗi a kan kwaɗayi. Dattijon ikilisiya da aka kira zaman rabo ba alƙali ba ne, bai kuma kamata ya yi kamar shi ne ba. Aikinsa ya tambaya da babbar murya, "Baba, wannan injin wa ya saya?" ya kuma jira amsa.

Ita wasiyyar ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Ƙa'idojinta, waɗanda aka gada daga dokar Ingila ta 1837, su ne a rubuta ta, mai ita ya sa hannu ko ya dangwala yatsa yana cikin hankalinsa, gaban shaidu 2 da suke wurin a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu a gabansa. Wanda aka ba wani abu a ciki kada ya zama shaida, haka mijinsa ko matarsa, in ba haka ba kyautar ta faɗi. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa cikin harshen da yake ji, Gude ne ko Fali ko Hausa ko Fulfulde, a kuma rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan. A ambaci matar da cikakken sunanta, kada a rubuta "matata" kawai, gama wannan kalma ce za a yi gardama a kanta. A ambaci kowane yaro da sunansa, a kuma karɓo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da sunan uba a kai, tun da irin wannan takarda ce ta tsaya wa Gladys Ukeje. Gonar zuriya ba ta shiga wasiyya, sai abin da mutum ya mallaka shi kaɗai.

Ma'aikata, malaman makaranta da sojoji da 'yan sanda, su lura da wani abu. Rubuta sunan mutum a matsayin makusanci a takardar aiki ko ta banki ba ya mai da shi magaji. Wanda za a nema ne in wani abu ya faru. Banki da kamfanin fansho sukan nemi wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar ikon kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu, wadda ba a ɗaura aure da ita ba kuwa ba ta cikin waɗanda ake fara ba wannan takarda. A wannan sashe ne kuma ake iya ajiye wasiyya a rufe, don kada wuta ko gudu ko hannun wani ɗan'uwa ya same ta a akwatin ƙarƙashin gado. Wanda ya rubuta wasiyya, daga baya Allah ya taimake shi ya kai matar ofishin rajista, ya koma wurin lauya a makon nan ya sake rubuta ta, domin auren rajista yakan soke wasiyyar da aka yi kafinsa.